Yadda ake Gano Ƙwarin da Ƙananan Shahuna ke Ci a Yankin Sahel

1. Gabatarwa

Idan aka tambayi abin da ƙananan shahuna ke ci a ƙasarmu lokacin rani, amsar da aka saba bayarwa ita ce fara. Amsar gaskiya ce, amma ba ta isar mai bincike. Fara iri-iri ce: akwai wadda ke cin zangarniyar hatsi da kaka, akwai wadda ke kwana cikin sabara da kalgo duk tsawon rani, akwai kuma farar ɗango wadda ba ta zuwa sai shekarun annoba. Muddin ba a san wace fara tsuntsu ke kamawa ba, da watan da yake kama ta, da yawan da yake ci, ba za a iya faɗin irin amfanin da yake yi wa manomi ba, haka kuma ba za a iya auna illar da feshin maganin ƙwari ke yi masa ba.

Manufar wannan ƙasida ita ce bayyana hanyar da ake bi a gane ƙwarin da waɗannan tsuntsaye suka ci, tare da nuna inda hanyar ke da ƙarfi da inda take ɓatar da mai bincike. Mun fi ba da ƙarfi ga binciken ƙwallon amai, wanda ake kira pelote de réjection da Faransanci, domin shi ne aikin da ɗalibi zai iya gudanarwa da kayan da ke akwai a sassan jami'o'inmu.

2. Tsuntsayen da ake magana a kansu

Kalmar shaho ta ƙunshi tsuntsaye da yawa. A nan muna nufin ƙanana daga cikin jinsin Falco, waɗanda galibinsu ba su wuce giram 300 ba. Wasu mazauna Afirka ne, kamar Falco alopex mai launin jan ƙasa, wanda ke zama a wuraren duwatsu, da Falco ardosiaceus mai launin toka, da Falco cuvierii wanda ke kama shinge da mazari a sararin sama, ya ci yana cikin tashi. Akwai kuma wani mai jan wuya da ke son itacen giginya, amma shi ƙananan tsuntsaye ne mafi yawan abincinsa. Wasu baƙi ne masu zuwa daga Turai bayan damana, kuma biyu daga cikinsu sun fi shahara: Falco tinnunculus, wato faucon crécerelle, da Falco naumanni, wato faucon crécerellette.

Na ƙarshen nan shi ya fi dogara ga ƙwari, shi ya sa za mu riƙa kafa misali da shi. Tsawonsa wajen santimeta 30 ne. Yana yin sheƙa a Ispaniya da kudancin Faransa da Italiya da Girka da Turkiyya har zuwa tsakiyar Asiya. Yana kama da Falco tinnunculus ƙwarai, musamman matan. Abin da ke raba su a kusa shi ne farce, domin na Falco naumanni fari ne, na ɗayan baƙi. Namijinsa ba shi da ɗige-ɗige a baya. Ban da haka, tsuntsu ne mai son taro: yana farauta cikin ayari, yana kwana cikin ayari. A watan Janairu na 2007 masu binciken ƙungiyar LPO ta Faransa sun gano makwancinsa a tsibirin Kusmar, kusa da Kawlak a Senegal, inda suka ƙidaya fiye da 28,000. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi ta hanyar ɗaura wa tsuntsayen ƙananan na'urori masu nuna inda suka bi, ya tabbatar da cewa na Ispaniya suna cin rani a yammacin Sahel, na Italiya daga gabashin Mali zuwa Nijar da Nijeriya, na yankin Balkan kuwa sun fi karkata gabas, wajen Nijar da Cadi. Ke nan ƙasarmu tana tsakiyar wurin da wani babban kaso na waɗannan tsuntsaye ke samun abincinsa kusan rabin shekara.

3. Hanyoyi uku na sanin abinci

Hanya ta farko ita ce kallo da madubin hangen nesa ko ɗaukar hoto. Ana iya ganin yadda shaho ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fikafikai, sa'an nan ya faɗo kan abin da ya hango, ko yadda ayari ke bin gobarar daji yana kama ƙwarin da wuta ta tayar. Kallo yana nuna wurin farauta da lokacinta, amma da wuya ya nuna nau'in ƙwaron, sai in babba ne kuma hoton ya fito sosai.

Hanya ta biyu ita ce tsintar ragowar abinci. Sau da yawa shaho yakan fizge fikafikan babbar fara da ƙafafunta na baya kafin ya ci. Waɗannan sukan zuba ƙarƙashin itace ko falwayar da yake sauka. Suna da amfani matuƙa, domin launin fiffiken ciki da zanen cinya suna cikin alamomin da littattafan gane fara ke dogara da su. Sai dai ƙaramin ƙwaro haɗiye shi ake yi ɗungum, ba ya barin komai a ƙasa.

Hanya ta uku ita ce ƙwallon amai. Ruwan cikin tsuntsu yana narkar da tsoka, amma ba ya iya narkar da ɓawon ƙwaro mai tauri, wanda aka yi da sinadarin kitin, haka ma gashi da gashin tsuntsu. Ciki yakan dunƙule waɗannan, tsuntsu ya amayo su, galibi sau ɗaya ko biyu a yini, kuma sau da yawa a makwanci kafin fita farautar safe. Ƙwallon ƙaramin shaho yakan kai santimeta 2 zuwa 3 a tsawo. Idan fara ce kawai a ciki, yakan zama ja-ja, marar nauyi, mai saurin marmashewa a hannu.

4. Tattara ƙwallaye

Abu na farko shi ne tabbatar da mai ƙwallon. Mujiya tana amayo nata, balbela ma haka, da wasu tsuntsaye masu cin ƙwari. Na mujiya ya fi girma kuma ana samun ƙasusuwa cikakku a cikinsa, saboda ruwan cikinta bai kai na shaho tsami ba. Matsalar ta fi girma a makwancin da aka haɗu: a Kusmar, alal misali, an sami wajen 16,000 na wani tsuntsu mai wutsiya kamar almakashi, Chelictinia riocourii, suna kwana tare da shahunan. Saboda haka wajibi ne mai bincike ya je da yamma ya ga itacen da kowane iri ke sauka, ya zaɓi wanda iri ɗaya ne kawai a kansa.

Ranar farko share ƙarƙashin itacen ake yi, a kwashe tsofaffin ƙwallaye a ajiye su dabam, tunda ba a san kwanan watansu ba. Daga nan a shimfiɗa ƙyalle ko buhu, a dawo kowace safiya bayan tsuntsayen sun tashi. Jinkiri yana jawo hasara: tururuwa da gara suna kwashe ƙwallon, awaki suna tattake shi, iskar hunturu tana watsa shi. Kowane ƙwallo a sa shi cikin ambulan ɗinsa na takarda, a rubuta kwanan wata da wuri da sunan itacen. Leda ba ta dace ba, domin tana riƙe laima har abin ya yi fumfuna. A shanya a inuwa, sa'an nan a rufe cikin gwangwani, don akwai ƙananan ƙwari masu cin busasshen ɓawo a ɗakin ajiya. A sa safar hannu, a wanke hannu da sabulu bayan aiki. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magarya a 2006.

Gara a tsinci ƙwallaye 30 kowane wata daga Oktoba zuwa Maris da a tsinci 200 a rana ɗaya. Tsuntsayen ayari ɗaya sukan yi farauta wuri ɗaya, don haka ƙwallayen rana guda kusan labari ɗaya suke bayarwa.

5. Warwarewa da gane sassan jiki

Ana jiƙa ƙwallon cikin ruwa kaɗan ko alkol mai digiri 70 a ƙaramin faranti, a bar shi ya yi laushi, a warware shi da allura da matsefata ƙarƙashin madubi mai ƙara girma sau 10 zuwa 40. Mafi yawan abin da za a gani ɓarɓashi ne marar siffa. Abin nema shi ne sassan da suka fi tauri, kuma a cikinsu babu kamar muƙamuƙi.

Fara tana da muƙamuƙai biyu, na hagu da na dama, kuma ba siffa ɗaya gare su ba, domin na hagu yana hawa kan na dama idan baki ya rufe. Bakin muƙamuƙin yana ɗauke da sinadarin zinki wanda ke ƙara masa tauri, shi ya sa yake fitowa daga cikin tsuntsu kusan yadda ya shiga. Kowane muƙamuƙi yana da ɓangare biyu: na gaba mai yanka, da na baya mai niƙa. Tun 1944 wani masanin Amurka mai suna Isely ya nuna cewa siffarsu tana bin irin abincin farar. Mai cin ciyawa da ganyen hatsi, irin su Oedaleus senegalensis, ɓangaren niƙanta yana da layuka a jere kamar dutsen niƙa da aka sassaƙa, haƙoran yankan kuma sun kusa haɗewa su zama kaifi ɗaya. Mai cin ganye mai faɗi haƙoranta tsini gare su, a rarrabe, wurin niƙan kuma yana da rami da ƴan tudu kewaye. Mai cin duka biyu tana tsakani. Idan aka haɗa siffa da girma, wanda ake aunawa da milimeta, ana iya kai wa ga dangi, wani lokaci har ga nau'i. Sai a lura cewa haƙoran tsohuwar fara sukan cinye, har mai tsini ta yi kama da mai cin ciyawa.

Bayan muƙamuƙi akwai wasu sassa masu taimako. Gwiwar ƙafar baya takan tsira, haka ma ƙayoyin ƙwauri. Macen fara tana da ƙugiyoyi huɗu masu tauri a ƙarshen ciki, waɗanda take haƙa ramin ƙwai da su. Samunsu yana nuna jinsi, samun ƙwai kuma yana nuna cewa an kama ta tana dab da zubawa. Gyare ana gane shi da kansa mai zagaye da muƙamuƙinsa. Ƙoƙi-ƙoƙi ana gane shi da hannuwansa masu jerin ƙaya. Buzuzu da danginsa suna barin fiffiken sama mai tauri, da kai, da ƙafar gaba mai haƙora ta tonon ƙasa. Ɗige-ɗige da layukan da ke kan fiffiken su ake dubawa. Shinge da tururuwa masu fiffike kai kawai da ƴan mitsi-mitsin muƙamuƙai suke bari, waɗanda ke ɓacewa cikin ɓarɓashi idan ba a tace da rariya mai ƙananan idanu ba. Akan sami kuma abin da ba ƙwaro ba ne a ma'anar kimiyya: ƙahonnin dafin shanshani, da almakashin bakin wani dangin gizo-gizo mai saurin gudu da ake kira solifuge, da ɓawon ƙadangare, da gashin ɓera.

Duk wannan aiki ba ya yiwuwa sai da tarin gwaji. Littattafan gane fara da ake amfani da su a yankinmu, kamar na Michel Lecoq da na Jacques Mestre, dukansu na 1988, an tsara su ne don fara cikakkiya, mai fiffike da launi. Mai binciken ƙwallo kuwa guntu ne a gabansa. Saboda haka dole ya kamo fara da raga a wuraren da ya ga shahunan na farauta, cikin watannin da yake tsintar ƙwallayen, ya gane kowace da littafi tun tana cikakkiya, sa'an nan ya cire muƙamuƙanta da gwiwa da ƙugiyoyi, ya manna su a kan kati da suna. A ware namiji da mace, domin mace ta fi girma, a ware manya da ƴaƴa. Inda aka yi shakka, ana iya neman taimakon masanan cibiyar AGRHYMET ta Yamai ko na ma'aikatar kare tsirrai. Bai kamata a manta da masu kamun fara ba, waɗanda ke fita da asuba lokacin ɗari sa'ad da sanyi ya hana ta tashi: sun san irin da ke kwana a kowane itace da watan da take bayyana. Anne Luxereau ta rubuta sunayen fara na Hausar Maraɗi tun 1980, kuma haɗa waɗannan sunaye da na kimiyya a kan katin gwaji zai sauƙaƙa aiki tsakanin ɗalibi da mutanen karkara.

6. Ƙidaya

Ba a tara dukan muƙamuƙai a raba biyu. Ana ƙidaya na hagu dabam, na dama dabam, a ɗauki adadin da ya fi yawa. A ɗauka an sami na hagu 14 da na dama 11 na nau'i ɗaya cikin ƙwallo: ke nan tsuntsun ya ci fara 14 aƙalla. Idan cikin na daman akwai manya 2 waɗanda babu na hagun da ya yi daidai da girmansu, sai adadin ya koma 16. Wannan shi ake kira mafi ƙarancin adadi, kuma da wannan suna ya kamata a rubuta shi cikin rahoto.

Daga nan akwai ma'auni uku. Na farko, cikin ƙwallaye nawa daga 100 aka sami nau'in. Na biyu, kashi nawa ne nau'in cikin jimlar ƙwarin da aka ƙidaya. Na uku, kashi nawa ne na nauyin abincin. Ukun ba sa ba da amsa ɗaya. A ɗauka an ƙidaya shinge 200 da manyan fara 20, kuma awo ya nuna fara ɗaya ta yi nauyin shinge 30. A ƙidaya, shinge ya kai kashi 91 cikin 100. A nauyi kuwa fara ta yi daidai da shinge 600, wato kashi 75 cikin 100 na abincin. Wanda ya kawo ma'auni na biyu shi kaɗai zai ce shaho mai cin shinge ne, alhali fara ce ke riƙe da shi. Nauyin kowane nau'i daga tarin gwaji ake samunsa, a auna da sikeli tun ƙwaron yana ɗanye.

7. Inda hanyar ke gazawa

Ƙwallo yana fifita mai tauri. Tsutsa da malam-buɗe-littafi da gizo-gizo narkewa suke yi kusan ƙaf, buzuzu kuwa ko ɗaya aka ci sai an gan shi. Ƙashin ƙadangare da na ɓera yana narkewa a cikin shaho, don haka adadinsu yakan fito ƙasa da gaskiya. Idan tsuntsu ya yar da kan babbar fara, muƙamuƙin ba zai shiga ƙwallo ba sam. Akwai kuma abincin abinci: kawunan tururuwa da aka samu tare da ɓawon ƙadangare, mai yiwuwa ƙadangaren ne ya ci su. Maganin waɗannan shi ne haɗa hanyoyin uku a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, a kwatanta sakamakonsu.

Tun daga 2003, lokacin da aka gabatar da hanyar gane halittu ta wani guntun ƙwayar gado mai suna COI, an sami damar gano abinci daga kashin tsuntsu. Wannan hanya tana kama ƙwari masu laushi waɗanda ƙwallo ke ɓoyewa. Sai dai ba ta faɗin adadi, ba ta raba mace da namiji ko babba da ƙarami, kuma ba ta iya ba da sunan nau'in da ba a riga aka shigar da shi rumbun bayanai ba. Ita ma ke nan tana komawa ga tarin gwaji da aka gane da kyau.

8. Abin da sunan nau'i ke bayyanawa

Farar Sahel tana ƙetare rani ta hanya biyu. Wasu nau'o'i, kamar Oedaleus senegalensis da Kraussaria angulifera, waɗanda ke cikin manyan masu ɓarnar hatsi, suna zuba ƙwai a ƙasa ƙarshen damana su mutu. Ƙwan ne ke jiran ruwan baɗi. Wasu kuwa, kamar Ornithacris cavroisi da Acorypha clara da Diabolocatantops axillaris, suna ƙetare rani da ransu, sai damana ta kusa su hayayyafa. Falco naumanni yana isowa wajen Oktoba, ya koma wajen Fabrairu ko Maris. Wato yana tarar da ƙarshen rukuni na farko ne kawai, sauran watannin da na biyu yake rayuwa. Ƙwallayen Kusmar sun nuna haka, domin Ornithacris cavroisi ce ta fi yawa a cikinsu. Binciken da aka yi a Nijar kan wani baƙon tsuntsu mai farauta, Circus pygargus, shi ma ya nuna dogaro ga ita wannan fara da Acorypha clara.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na ɗaya, kada a ɗora wa shaho aikin da ba nasa ba: farar damana shamuwa da balbela ne suka fi tarar da ita. Amfanin shaho shi ne rage manyan da za su zuba ƙwai baɗi, da kuma matan rukuni na farko da ya tarar cikin Oktoba, abin da ƙugiyoyi da ƙwai a cikin ƙwallo za su iya tabbatarwa. Na biyu, abincinsa na rani yana rataye ga ƙananan itatuwa irin su kalgo da sabara, inda waɗannan fara ke samun ganye da mafaka. Gonar da aka sare ƙaf da wadda aka bar wa sassabe ya tofo ba za su ciyar da tsuntsu daidai ba, kuma ana iya auna wannan bambanci da ƙwallaye.

Batun feshi ma yana buƙatar irin waɗannan alƙaluma. A annobar farar ɗango ta 2003 zuwa 2005 an fesa magani a kan kusan hekta miliyan 13 a yammaci da arewacin Afirka. Magunguna irin su fenitrothion suna taɓa jijiyoyin tsuntsun da ya ci farar da aka fesa, suna kuma kawar da abincinsa cikin ƴan kwanaki. Naman gwarin Metarhizium acridum, wanda shirin LUBILOSA ya gwada a Maine-Sorwa cikin shekarun 1990, yana kashe fara a hankali cikin mako ɗaya zuwa uku, kuma ba ya cutar da tsuntsaye. Kwatanta ƙwallayen makwanci ɗaya kafin feshi da bayansa zai nuna ko tsuntsayen sun koma ga wani abinci, ko sun ci gaba da cin farar da ta sha magani, ko sun bar wurin.

9. Kammalawa

Falco naumanni ya ragu ƙwarai a Turai daga shekarun 1950, kuma sai a 2011 ƙungiyar UICN ta cire shi daga jerin tsuntsayen da ke cikin haɗari. Ƙasashen da yake yin sheƙa sun san abincinsa na can dalla-dalla. Na watannin rani kuwa a nan ne kawai za a iya rubuta shi. Aikin da muke ba da shawara a fara da shi kashi biyu ne: a nemo makwantai a jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram da Difa ta hanyar tambayar makiyaya da manoma, kuma kowane sashen nazarin halittu ya haɗa tarin muƙamuƙan farar yankinsa, da sunan kimiyya da na Hausa da nauyin kowace. Ɗalibi ɗaya zai iya kammala tarin cikin damana ɗaya da rani ɗaya, kuma duk binciken da zai biyo baya, na ƙwallo ne ko na ƙwayar gado, a kansa zai dogara.